Gonar da Ba Ta da Littafi

A Kwaciri da Rijiyar Lemo da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Fagge akwai manoma da yawa waɗanda ba sa riƙe fartanya. 'Yan kasuwa ne da ma'aikata: wannan yana da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, wancan yana sayar da yadi a Kantin Kwari, wani kuma kayan lantarki yake sarowa yana kasawa a Sabon Gari. Da bazara ta kama sai kowa ya yanki wani abu daga jarinsa ya aika Kura ko Bunkure ko Garun Malam a noma masa shinkafa, ko ya aika Tudun Wada da Doguwa, inda damina ta fi tsawo, a sa masa masara. A shago ba a yi wa waɗannan mutane wasa da lissafi. Katan nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya ɗauki bashi, yaushe zai biya, duk yana cikin littafi, kuma yaron shago ba ya tafiya gida sai an daidaita cinikin ranar. Amma a tambayi ɗayansu nawa buhun masara guda ya tsaya masa bara, sai ya ce an gode Allah, an samu na ci har an kai wa 'yan'uwa. Godiya wajibi ce, sai dai ba ita aka tambaya ba. Mutumin da ba zai yarda ya sayar da katan ɗin taliya bai san kuɗin sarinsa ba, shi ne yake loda buhu hamsin zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau bai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi yake cinyewa ba.

Yanzu maganar amfani da bayanan gona ta zama ruwan dare a tarurrukan masana da na kamfanoni, kuma da an ɗauko ta sai a nufi tauraron ɗan'adam da jirgi marar matuƙi da manhajojin waya. Waɗannan suna da ranarsu. Ra'ayina dai shi ne an ɗora rufi tun ba a haƙa tushe ba. Bayanin da ya fi kowane sauya shawarar manomi a gonarsa yake: girmanta na haƙiƙa, abin da aka zuba mata da ranar da aka zuba, abin da ta bayar a kan sikeli, da farashin da aka sayar da ranar da aka sayar. Wanda ba shi da waɗannan, ko an miƙa masa hasashen damina da farashin kasuwannin duniya, ba shi da abin da zai auna su da shi.

Kada a ɗauka manomin ƙasar Kano baƙo ne ga lissafi. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za a noma musu domin masaƙun Ingila. Manoma suka dubi kuɗin da ake biya, suka dubi wahalar kowace shuka, suka ga gyaɗa ana iya cinta in kasuwa ta ƙi, harawarta kuma abincin dabba ce, sai suka raja'a a kanta tun daga kakar 1912. Labarin farashi fatake da dillalan Hausawa ne suka kai shi ƙauyuka, cinikin da daga baya Alhassan Ɗantata ya yi fice a kansa, har aka wayi gari da dalar gyaɗa a tsakiyar birni. Haka nan a tsakiyar shekarun 1960, David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya sa aka riƙa bin gidajen manoma a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, ana rubuta aikin da suka yi da abin da suka samu. A wancan zamani 'yan boko suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci-baya ne. Alƙaluman suka nuna haɗin ya fi shuka guda tilo kawo amfani, musamman in aka dubi ƙarancin hannu a lokacin noman firi da maimai, kuma ya fi kare gida in damina ta yi gardama. Manoman sun riga sun san haka, amma sai da aka rubuta kafin masana suka fara sauya ra'ayi.

To, in lissafin ka ya wadatar da kakanni, me ya sa ba zai wadatar da jikoki ba? Saboda noman ya sauya. Wancan manomi irinsa daga rumbunsa yake, takinsa daga turken dabbobinsa, ƙwadagonsa 'ya'yan gandunsa, kuma kullum yana cikin gonar. Na yau kusan kome saye yake yi: iri, takin zamani, maganin ciyawa, maganin ƙwari, huɗar tarakta ko ta shanu, fetur na injin ban ruwa, jingar 'yan ƙwadago, hayar gonar kanta. Kuɗin suna fita kaɗan-kaɗan cikin wata biyar ko shida, kowane fita da nasa farashi, mai kuɗin kuma yana Sabon Gari yana karɓar labari ta waya. Babu kan da zai riƙe wannan daidai.

Girman gona shi ne wurin da ɓarnar take farawa, kuma shi aka fi rainawa. Akan ce gona eka biyar ce saboda haka mai ita ya ce lokacin da ake cinikin haya, shi ma haka ya ji daga mahaifinsa. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take yi tare da Bankin Duniya tun 2010 yana tambayar manomi girman gonarsa, sannan a zagaya ta da na'urar awo, kuma abin da irin wannan bincike ya sha nunawa a ƙasashen Afirka shi ne masu ƙananan gonaki sukan ƙara wa gonarsu girma a baki, masu manya kuma sukan rage. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk shawarar malamin gona da hekta ake ba da ita, hekta kuwa ta kusa eka biyu da rabi. Shawarar da aka daɗe ana bai wa manoman masara a arewa ita ce kilo 120 na sinadarin naitrojin a hekta, da kilo 60 na fosfaras da 60 na fotash, wato kimanin buhu takwas na NPK 15-15-15 da kusan buhu uku na yuriya. Wanda yake zaton gonarsa hekta biyu ce alhali ɗaya da rabi ce, ya biya hayar da ta wuce ƙima, ya biya jingar noma da ta wuce ƙima, ya sayi buhunan takin da gonar ba ta buƙata, sannan da kaka ya raba amfaninsa a kan hekta biyu ya yanke hukuncin cewa ƙasar ta gaji. Wayar da ke aljihunsa tana iya auna gonar in aka zagaya iyakarta da ita sau ɗaya.

Bayan girman gona sai ma'aunin amfani. Buhu ba ma'auni ba ne, mazubi ne. Akwai wanda aka ɗinke bakinsa a sake, akwai wanda aka danƙara har aka yi masa hula, kuma duk sunansu buhu. Kwanon awo da tiya ma sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma hannun mai awo yana da nasa hukunci wajen tozo. Kamfanonin casar shinkafa da masu haɗa abincin kaji ba sa wannan ciniki: sikeli suke ɗorawa, su auna laimar da ke cikin hatsin, in laimar ta haura kashi 14 cikin ɗari su zaftare kuɗi. Ke nan mai saye yana da alƙalumansa, mai sayarwa ne ya zo da zato. A kowane ciniki wanda ya san lamba shi ke da rinjaye, kuma a yanzu kusan kullum ba manomi ba ne. Sikelin rataye ba ya kai kuɗin buhun taki ɗaya, mutum biyar ma suna iya haɗa hannu su saya.

In an san girman gona, an san nauyin abin da ta bayar, an tara duk abin da aka kashe, sai lamba mafi muhimmanci ta fito: nawa kilo ɗaya ko buhu ɗaya ya tsaya. A nan ne ɗan birni ya fi yaudarar kansa, domin yana lissafa taki da iri da ƙwadago amma yana mance kuɗin motar zuwa duba gona, da ɗan abin da yake bari a gidan mai kula masa, da buhunan zuba amfani, da dako, da la'adar dillali. Gonar gado ma yakan ɗauke ta kyauta, alhali da ya ba da ita haya da ya karɓi kuɗi ba tare da ya jefa ko kwabo cikin haɗari ba. Kuɗin da ya cire daga shago wata shida su ma ba kyauta ba ne, tunda da sun zauna da an juya su sau da yawa.

Da yake Naira ba ta tsaye wuri ɗaya, kwatanta kuɗin bana da na bara ba ya gaya wa mutum gaskiya. Abin da ya fi amfani shi ne a tambaya buhun masara nawa ke sayen buhun taki. A 2017, ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko, an tsayar da buhun NPK a kan Naira 5,500. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin farashin Naira a watan da ya biyo baya, taki da magani da sufuri suka yi tashin gwauron zabo, amma hatsi ma ya tashi, har wasu manoma suka ga kuɗin da ba su taɓa gani ba. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas, taki kuwa bai sauko ba, har a wasu kasuwanni buhun masara ya kasa sayen buhun NPK. Wanda ya san yawan ƙarin masarar da kowane buhun taki ke kawo masa a gonarsa yana iya yanke shawara tun kafin shuka: ya rage faɗin masara, ko ya karkata ga dawa da gero da ba su kai ta cin taki ba, ko ga waken suya da gyaɗa masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wanda bai sani ba sai dai ya bi abin da maƙwabcinsa ya yi, maƙwabcin kuma abin da ya yi tsada bara yake bi.

Wannan bin na bara shi ne ciwon noman tumatir a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga yake shayar da gonakin rani tun shekarun 1970. In tumatir ya yi kuɗi, baɗi kowa sai ya dasa, kuma a lokaci ɗaya, sai ya nuna a lokaci ɗaya, kwanduna su cika kasuwar Kwanar Gafan har kuɗin kwando ya kasa biyan tsinka da dako. A 2016 akasin haka aka gani: tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, farashi ya ninka sau da yawa, masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar, mai iya markaɗe tan 1,200 a rana, ta tsaya saboda rashin kaya. Littafin mutum ɗaya ba zai hana annoba ba. Amma manomin da ya rubuta ranar dashe da ranar tsinka da farashin kowace tsinka na shekara uku zai ga da idonsa makonnin da kasuwa ke cika, ya rarraba dashensa, ko ya ware wani kaso don yankawa a shanya. In ƙungiya ce ta haɗa irin wannan bayani na mutum ɗari, ta samu abin da za ta zauna da shi gaban kamfani a yi cinikin farashi.

Ajiya ma haka take. Kowa a Dawanau ya san hatsi yakan yi araha da kaka ya yi tsada in damina ta kankama, shi ya sa ɗan kasuwar birni yake ganin sito ba ya faɗuwa. Waɗanda suka tara a ƙarshen 2024 suna jiran tashi sun ga ba haka abin yake kullum ba. Ko a shekarar da farashi ya tashi, sai an cire hayar sito da magani ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwaro ba magani, da raguwar nauyi, da hasarar ɓera da gunda, kafin a kira ragowar riba.

Wani zai ce ai wannan misali kansa ya rushe hujjar: me littafi zai yi wa mutum in sanarwa ɗaya daga Abuja za ta iya kifar da kasuwa, kamar yadda rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ɗaga shinkafar gida, ɗage haraji kuma ya kayar da ita? Gaskiya ne littafi ba ya hango manufar gwamnati. Aikinsa shi ne ya gaya wa mai shi iyakar inda zai iya jurewa. Wanda ya san buhu ya tsaya masa kaza, da ya ga farashi ya nufo wannan iyaka zai sayar ya tsira da jarinsa, ba zai zauna yana jiran tsadar bara ta dawo ba. Kuma ƙungiyoyin manoma da suke kuka a rediyo cewa an karya su, da suna da rubutaccen kuɗin noman hekta daga dubban gonaki da maganarsu ta fi nauyi a gaban masu tsara manufa.

Akwai masu ganin yawan ƙirga amfanin gona rashin tawakkali ne, ko yana kore albarka. Wannan ra'ayi ba shi da madogara a addinin da ake jingina shi gare shi. Zakkar hatsi ba ta fita sai da awo: nisabinta awsuƙa biyar, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in da wahalar ban ruwa aka noma. Manomin da ke ware dami ɗaya cikin goma ai ƙirga yake yi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Rashin boko ma ba hujja ba ne, tunda ana iya rubutawa da ajami, ɗan makaranta yana iya rubuta wa mahaifinsa, saƙon murya ta WhatsApp kuma yana ɗauke da ranarsa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na tsoro, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Talaka ya daɗe da sanin cewa in hukuma ta zo ƙirga, haraji ne ke biye, tun zamanin jangali da kuɗin ƙasa. 'Yan kasuwar hatsi ba su mance da watan Fabrairun 2024 ba, lokacin da hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Kamfanonin da ke ba da taki da iri bashi su karɓi amfani da kaka suna auna gonar manomi, su ɗauki hotonsa, su san abin da ya girba shekara da shekaru, amma sau nawa ake ba shi kwafin abin da aka rubuta a kansa? A ganina wannan dalili ne na manomi ya riƙe nasa littafin, kuma ƙungiyoyi su sa sharaɗin cewa duk wanda ya auna gona ya bar wa mai ita sakamakon. Rashin rubutu ma yana da nasa farashi. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015 ya raba fiye da Naira tiriliyan ɗaya, amma a farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya yana cewa kashi 24 cikin ɗari aka biya, bankin yana cewa kashi 52. Inda ba a iya bambance wanda ya noma ya biya da wanda ko gona ba shi da ita, mai gaskiya ne ke rasa bashi na gaba.

Sai bayanan da ke zuwa daga waje. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron tsayawarsa a tsakiya, kuma ana fassara shi da Hausa. Cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Zariya tana zagayen duba amfanin damina duk shekara. Cibiyar nazarin noman yankuna masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero da ofishin cibiyar binciken noma ta IITA na Kano sun yi aiki a kan shawarar taki da ta dace da kowace gona maimakon awo ɗaya ga kowa. Ƙidayar manoma ta 2022, wadda rabon da a yi irinta tun farkon shekarun 1990, ta samu gidaje kimanin miliyan 40 da ke noma a Najeriya, Kano ce kan gaba. Yawancin waɗannan suna magana ne a kan jiha ko ƙaramar hukuma. Hasashe zai iya cewa damina za ta yi gajarta a Ɗambatta, amma ko irin masara mai kwana 90 ya fi mai kwana 120 biya a wata gona ta musamman, sai wanda ya gwada su gefe da gefe ya auna. Malaman gona na KNARDA, hukumar noma ta jiha, kuwa ba su kai yawan da za su yi wa kowa wannan aiki ba.

Ga ɗan Kwaciri, abin da ya fi hana shi buɗe littafin gona ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Kunya ce. Mai kula masa da gonar yawanci ƙanen mahaifinsa ne ko yayansa ko surukinsa. In waya ta zo an ce, "Alhaji, taki bai isa ba," ba ya iya cewa, "Baffa, buhu nawa aka zuba, wace rana?" domin tambayar za ta yi kama da tuhuma. Sai ya aika kuɗin yana ƙunƙuni, da kaka amfani ya zo ƙasa da zato, zargin da aka ƙi furtawa ya zauna a zuci, bayan shekara biyu ko uku a daina noman, wani lokaci har da gaisuwa. Shi ma baffan ana cutarsa, domin in tsutsa ce ta ci gonar ko ruwa ne ya tsaya mako uku ba shi da abin da zai nuna. Shi ya sa lokacin kawo maganar rubutu shi ne da rani, kafin a kashe ko sisi, a wuri ɗaya da maganar ladan mai kula: kaso nawa ne nasa daga amfanin, ko nawa za a biya shi. Yawancin irin wannan noma ba a taɓa yanke wannan ladan a fili, kuma mutumin da ba a yanka masa haƙƙinsa ba shi ne ake sa ran ya rubuta kowane buhu. Shekarar farko littafin ba zai nuna kome ba sai yawan abin da aka kashe, wanda kan ba mai kuɗin mamaki. Sai an haɗa damina uku, mai kyau da marar kyau, kafin a iya cewa wannan gona ta Bunkure ta cancanci a ƙara mata jari, ko kuwa gara a ba da ita haya a mayar da kuɗin shago.